Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Paramount da Hasbro: Michael Bay Ya Sha Cewa Ya Gaji, Ku Kuka Ƙi Ji

Zuwa ga shugabannin kamfanin fim na Paramount Pictures da na Hasbro mai ƙera kayan wasan yara na Transformers, da furodusa Lorenzo di Bonaventura,

Ranku ya daɗe. Muna gaishe ku da kyau, da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku baki ɗaya.

Masu wannan wasiƙa wasu ne daga cikin masu cin abinci da harkar fim a ƙasar Hausa. Akwai masu riƙe kyamara a cikinmu, akwai masu tace hoto, akwai marubuta labari, sai kuma 'yan kallo da suka bi finafinan Transformers, na motocin da ke rikiɗa su zama mutum-mutumi, tun na farko a 2007. Abin da ya tayar da mu shi ne rahotannin da suka fito a watan Yunin 2025, cewa ana shirin Michael Bay, daraktan biyar na farko, ya dawo ya ba da umarnin wani sabon Transformers. Dawowarsa ba laifi ba ce. Mutumin gwanin kyamara ne, kaɗan ne a duniya suka san yadda ake kifar da mota a titi hoton ya fito kamar nasa. Damuwarmu ita ce kada ku mayar da shi kan tsarin da ya gajiyar da shi, wanda shi da bakinsa ya yi ƙorafi a kai ba sau ɗaya ba.

Bari mu tuna muku. A watan Maris na 2009, tun kashi na biyu bai shiga sinima ba, Paramount ta sanar cewa na uku zai fito ranar 1 ga Yulin 2011. Bay ya fito fili ya ce kuskure aka yi. Shi da aka tambaye shi ta waya, 2012 yake nufi, yana son hutun shekara guda, ƙwaƙwalwarsa tana bukatar ta huta da faɗan mutum-mutumi. Kafin shekarar ta ƙare maganar 2012 ta bi ruwa, fim ya fita a ƙarshen Yunin 2011 kamar yadda kamfani ya so. Bayan na ukun ya so ya yi wani ɗan ƙaramin fim da ya daɗe a ransa, Pain & Gain, na dala miliyan 26 kacal, wato kusan kashi ɗaya cikin takwas na abin da aka kashe wa Transformers na huɗu. Kun ba shi kuɗin, amma a yarjejeniya ɗaya da komawarsa kan mutum-mutumin. A 2022 kuma, yana tallan fim ɗinsa Ambulance, ya faɗi abin da kowa ya riga ya gani: ya yi su da yawa, shahararren darakta Steven Spielberg ya ba shi shawara ya tsaya a na uku, kamfani ya roƙe shi ya yi na huɗu, ya sake cewa ya gama, aka sake roƙonsa, kuma kamata ya yi a ce ya tsaya. Gaskiya ne ya ce ya ji daɗin aikin, kuma ba kyauta ya yi ba, don haka ba mu wanke shi fes ba. Amma wanda ke riƙe da kalanda da jakar kuɗi shi ya fi ɗaukar alhaki.

Kokenmu na farko, kuma mafi girma, shi ne yadda kuke yanke ranar fitowar fim kafin a samu labarin. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, ku kuwa kusan kowace tafiya haka kuka yi ta. Kashi na biyu shi ne misali mafi bayyana. Marubutan Amurka sun shiga yajin aiki daga 5 ga Nuwamban 2007 zuwa 12 ga Fabrairun 2008. Abin da Ehren Kruger da Roberto Orci da Alex Kurtzman suka iya miƙawa kafin yajin ɗan taƙaitaccen tsarin labari ne, ba cikakken rubutu ba. Ranar fitowa kuma tana nan daram, Yunin 2009. Sai Bay ya zauna ya faɗaɗa tsarin da kansa don masu zane da masu neman lokeshin su sami abin kamawa. Da yajin ya ƙare, wata huɗu bai cika ba aka kunna kyamara a farkon Yunin 2008. Marubutan sun dawo sun tarar an riga an tsara manyan faɗace-faɗace, aikinsu ya koma ɗinke tsakanin wannan fashewa da waccan. Fim ɗin ya ci kyautar Razzie ta fim mafi muni a shekararsa, kuma Bay da kansa ya amsa daga baya cewa bai yi kyau ba.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai sai a gyara a wajen tacewa. A irin wannan fim ba haka abin yake ba, kuma kun fi mu sani. Ranar ɗauka babu mutum-mutumi a lokeshin. Jarumi yana magana ne da wata doguwar sanda da aka yi wa alama a sama, don idonsa ya kalli inda fuskar Optimus Prime, jagoran mutum-mutumin kirki, za ta kasance, wajen ƙafa 28 daga ƙasa. Mai kyamara yana bin iska, yana barin fili a hoto ga abin da za a zana bayan watanni. Mai haɗa fashewa yana tayar da wutarsa a daidai daƙiƙar da ƙafar da ba ta nan za ta taka. Duk wannan yana dogara ne ga ɗanyen katun na gwaji da aka yi tun farko, wanda shi ma daga rubutaccen labari ake ciro shi. In aka canza labari bayan ɗauka, aka ce wanda ke faɗan ba wane ba ne wane ne, ko a ce ya faɗi hagu maimakon dama, hoton da aka ɗauko ya tashi daga aiki. Komawa lokeshin kuɗi ne da lokacin da babu. Abin da ya rage sai dabarun rufa asiri: a matso da hoto kusa, a yayyanka shi gajeru-gajeru, a cika wurin da ƙura da hayaƙi, sannan a sa wani ya tsaya yana yi wa 'yan kallo bayanin abin da ya kamata su gani da idonsu.

Sai nauyin aikin kwamfuta, wanda kullum ƙaruwa yake alhali lokacin bai ƙaru ba. Ma'aikatan kamfanin zanen kwamfuta na Industrial Light & Magic sun gina Optimus na 2007 da gutsattsarin ƙarfe 10,108, kuma hoto ɗaya tak yana iya cin awa 38 kafin kwamfuta ta gama fitar da shi. Hoto 24 ke yin daƙiƙa ɗaya. Ƙaton mutum-mutumi Devastator na kashi na biyu gutsattsari 52,632 ne. Wannan macijin ƙarfen da ya naɗe dogon bene a Chicago a kashi na uku ya kai 70,051, kuma a wurare mafi nauyi hoto ɗaya ya ci awa 288. Ku lissafa: daƙiƙa ɗaya ta wannan sin ɗin kwana 288 ce in a kwamfuta guda za a yi ta. Shi ya sa ake raba aikin ga dubban injuna, amma ko da hakan, duk gyaran da darakta ya nema a makare sai an sake bi ta wannan layin. Kashi na biyar an fara ɗaukarsa a Havana a ƙarshen Mayun 2016, aka gama a farkon Disamba, ya fita 21 ga Yunin 2017. Wata shida da 'yan kwanaki ke nan na tacewa da zane da haɗa sauti. Mutum uku aka rubuta a matsayin masu tace fim na farko. Na biyar mutum shida ne. In hannu shida suna yanka fim ɗaya a lokaci ɗaya don a cim ma rana, kowa da ɓangarensa, numfashin fim ɗin ba zai taɓa zama ɗaya ba.

Akwai abin da duk mai tace hoto ya lura da shi a wannan kashi na biyar tun minti goman farko. An yi amfani da kyamarori iri-iri, kowace da faɗin hotonta, daga mai faɗi ninki 1.90 na tsayinsa zuwa mai ninki 2.39, kuma ba a daidaita su ba. Mutum biyu na hira a ɗaki ɗaya, in an nuna wannan sai baƙin layin sama da ƙasa ya yi kauri, in an juya kan wancan sai ya sirance, a dawo ya sake canzawa. Canza faɗin hoto dabara ce mai kyau in da dalili, kamar yadda shi Bay ɗin ya yi a 2009, inda ya ɗauki faɗan daji da kyamarar IMAX mai ɗaukar hoton manyan allo. A wannan sin ɗin kyamara ta ja baya, itatuwa suna nuna maka girman masu faɗan, kana ganin Optimus shi kaɗai da abokan gaba uku, kana sanin wa ya kai sara, wa ya kauce. Mutumin da ya tsara wannan bai manta aikinsa ba a 2017. Lokaci ne babu, zuciyar kuma ta riga ta bar wurin.

Koke na biyu ya shafi labarin kansa, domin a nan gajiya ta fi fitowa fili. Ku jera finafinan biyar ku gani. A na farko ana neman wani akwatin ƙarfe, an kuma ce gwamnati ta ɓoye Megatron, shugaban miyagun mutum-mutumin, a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Hoover. A na biyu ana neman wani mabuɗi, an ce ashe sun zo duniya tun shekara 17,000 kafin haihuwar Annabi Isa, injinsu yana cikin dalar Masar. A na uku ana neman wasu ginshiƙai, an ce ashe jirginsu da ya faɗi a duniyar wata ne ya sa aka tura kumbon Apollo 11 can. A na huɗu ana neman wani iri, an ce ashe masu ƙera su ne suka hallaka manyan dabbobin da shekara miliyan 65 da suka wuce. A na biyar ana neman sandar boka Merlin, an ce ashe sun yi yaƙi tare da Sarki Arthur a Ingila, Bumblebee, ɗaya daga cikin mutum-mutumin kirki, ya yaƙi 'yan Nazi, kuma duniyar da muke kai ma jikin wani ƙaton mugun mutum-mutumi ce mai suna Unicron. Abu ɗaya ne ake ta sake wa riga: wani kaya da ake tsere a kansa, da wani ɓoyayyen tarihi da ke ƙaryata na fim ɗin baya. Mu ma a nan gida mun san wannan cutar, ta a ja labari zuwa kashi na uku da na huɗu bayan ya ƙare tun a na ɗaya, don kawai kasuwa ta karɓa. Bambancin kawai ku kuna yin taku da dala miliyan ɗari biyu.

Maganin da kuka kawo a 2015 shi ne tara marubuta a ɗaki ɗaya ƙarƙashin Akiva Goldsman, su zubo dabarun finafinai masu yawa. Kafin a ga amfanin zaman, a Fabrairun 2016 aka sanar da ranaku uku a jere: Yunin 2017, Yunin 2018, Yunin 2019. Fim na biyar ya fito ɗauke da kayan da ya isa fim uku, sannan ya ƙare ba tare da ya ƙare ba, ya bar zancen Unicron a rataye don wanda zai biyo baya. A 2018 kuka cire wancan fim ɗin da aka tsara wa Yunin 2019 daga jadawali. Wanda ya sayi tikiti a 2017 rabin labari aka sayar masa, har yau ba a cika masa ba.

Tsawon finafinan ma abin dubawa ne. Na huɗu minti 165 ne. Ku ƙara masa kamar minti 35 na talla da sharar ɗaki, ya zama 200. A ɗakin sinimar da ke aiki awa 14 a rana, nuni huɗu ke nan. Fim mai minti 114 kamar Bumblebee na 2018 yana samun biyar a wannan ɗakin. Ban da haka, kowane ƙarin minti na faɗa ƙarin hoto 1,440 ne a kan masu zane. Daraktan da ke da kuzari yana da ƙarfin zuciyar zubar da sin ɗin da aka kashe wa miliyoyi in ba ya taimakon labari. Wanda ya gaji kuwa sai ya bar komai a ciki.

Mun san amsar da za ku ba mu, kuɗi. Na uku ya haura dala biliyan ɗaya, na huɗu ma haka, har shi ne fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi a duniya a 2014. To amma ku dubi kasuwarku ta gida, Amurka da Kanada: miliyan 319 a 2007, 402 a 2009, 352 a 2011, 245 a 2014, 130 a 2017. Tun daga na uku mutanen gida suka fara janye jiki. China ce ta rufe ɓarakar, inda na huɗu ya samu wajen miliyan 320, na biyar kuma wajen 228. Dalar China kuwa ba ɗaya take da ta gida ba, tunda kusan kashi 25 cikin ɗari ne ke dawo wa kamfanin waje, alhali a gida kusan rabi ne. Ke nan miliyan 228 ɗin nan abin da ya iso hannunku bai wuce 57 ba. Na biyar ɗin, wanda aka kashe wa aƙalla miliyan 217 ban da kuɗin talla, ya tsaya a miliyan 605 a duniya, aka kuma ruwaito hasarar da ta haura miliyan ɗari.

Za ku kuma ce tun da Bay ya sauka kuɗin bai dawo ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Lissafin gaskiya ne: Bumblebee na Travis Knight ya samu kusan miliyan 468 a 2018, na Steven Caple Jr. a 2023 kusan 440, katun ɗin Josh Cooley na 2024 bai kai 130 ba duk da yabon da ya sha. Sai dai rijiyar ta fara ƙafewa ne tun guga yana hannun Bay. Waɗanda suka biyo baya sun gaji 'yan kallon da aka riga aka ƙona wa baki. Kuma Knight ya nuna abin da sabon ido ke kawowa. A mintunan farko na fim ɗinsa, a yaƙin Cybertron, duniyar da suka fito, kowane mutum-mutumi da launinsa da siffarsa irin ta katun ɗin Transformers na asali na 1984, daga nesa kana bambance su. Gutsattsarin sun ragu, fahimta ta ƙaru, kuɗin aiki ya sauka.

In kuna son ganin ƙarshen daraktan da aka matsa wa fiye da kima, ku leƙa maƙwabtanku Universal. Justin Lin ya yi finafinai biyar na Fast & Furious. A Afrilun 2022, kusan mako guda da fara ɗaukar na goma, ya ajiye aikin. Ma'aikata da kayan haya suna zaune ana biya har aka kawo Louis Leterrier, kuɗin fim ɗin ya kai wajen dala miliyan 340. Bay bai taɓa yi muku haka ba, ya cije ya gama kowane. Wannan ba dalili ba ne na ɗauka cewa ba zai taɓa faruwa ba.

Ga abin da muke roƙo.

Kada ku sanar da ranar fitowa sai rubutaccen labari ya kammala daga shafin farko zuwa na ƙarshe, darakta ya karanta ya sa hannu, an kuma gama katun ɗin gwaji na manyan faɗace-faɗace. Daga ranar da aka kashe kyamara, ku ba masu tacewa da masu zane aƙalla shekara guda, kuma a kulle yankan fim kafin a tura hotuna masu nauyi zuwa injuna, don kada a ƙona dubban awanni kan abin da za a zubar. Mai tacewa ɗaya ya zama shugaba, ko da mataimakansa goma ne. A yanke shawarar faɗin hoto tun kafin a shiga lokeshin, in za a canza a tsakiyar fim a san dalili.

Yarjejeniyar ta zama ta fim ɗaya, labarin kuma ya rufe a cikinsa, kada ya wuce awa biyu da kwata. In ya karɓu, a zauna a sake magana bayan an huta. Kuma ku daina ɗaure ƙananan finafinan darakta a ƙafar manya. Ambulance dala miliyan 40 ya ci, an ɗauke shi cikin ƙasa da kwana arba'in a titunan Los Angeles, kuma duk wanda ya kalle shi ya ga mutumin da ke wasa da sabon abu, yana cusa kyamarar jirgi marar matuƙi ta ƙarƙashin mota da gefen bene. Irin wannan aikin ne ke dawo wa mai sana'a da marmari. In kun ba shi, ku ba shi don kansa.

Ku kuma Hasbro, mun san kayan wasan yara sai an zana su an ƙera fiye da shekara kafin su hau kanta, kuma wannan yana cikin abin da ke ɗaure ranar fim. Amma ku rage yawan sababbin mutum-mutumin da kuke so a cusa. Guda biyar da ɗan kallo zai san sunansu da halinsu sun fi ashirin da za su gilma a bayan hayaƙi. Yaro ba ya kukan a saya masa abin da bai gane ba a allo. Peter Cullen, wanda yake yi wa Optimus murya tun 1984, an haife shi a 1941. Ku ba shi kalaman da suka dace da shi tun da sauran dama, ba jawabin rufe fim iri ɗaya da ya karanta sau biyar ba.

Kafin a sa hannu kan komai, wani daga cikinku ya zauna da Bay ya tambaye shi abu ɗaya: mene ne bai riga ya yi ba da waɗannan motocin, wanda yake son yi yanzu? In yana da amsa, ku ba shi lokaci da fili. In amsar ita ce za a ƙara girman fashewa, to ya ci gaba da zama furodusa kamar yadda yake tun 2018, a miƙa kyamara ga wani. Duk ranar da ya sake cewa ya tsaya, kada kowa ya ɗaga waya ya roƙe shi.

Sannan ku gaya wa 'yan kallo a fili, tun kafin tallan farko, ko sabon fim ɗin zai ɗora daga inda na 2017 ya tsaya da zancen Unicron, ko kuwa an binne wannan labarin an fara sabo.

Mun gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wasu ma'aikatan fim da 'yan kallo daga ƙasar Hausa